Ƙunzugun Manya: Yadda Za a Saye Shi Cikin Sirri, da Abin da Inshora Ke Biya

Wani bawan Allah daga unguwar Yelwa a Garwa, a arewacin Kamaru, ya aiko da tambaya. Ya ce mahaifiyarsa, wadda ta haura shekara saba'in, ta kai wata takwas fitsari yana kufce mata, har ta daina zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa, kuma ta gargaɗe shi kada kowa ya ji, ko da matarsa ce. Yana so ya san yadda zai riƙa saya mata ƙunzugun manya ba tare da maganar ta zaga unguwa ba, sannan yana so ya san ko inshorar lafiya da kamfaninsu ya yi wa ma'aikata za ta ɗauki nauyin kuɗin.

Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan kulawa, ya kuma ba Hajiya lafiya. Na daɗe ina aikin jinya, kuma rabin shekarun nan na yi su ne a ɗakin tsofaffi da masu shanyewar ɓarin jiki, don haka zan ba ka amsa a kan abin da idona ya gani da abin da hannuna ya taɓa. Sayen ƙunzugu a ɓoye abu ne mai sauƙi, zan kuma nuna maka hanyoyinsa. Inshora kuwa da wuya ta biya kuɗin ƙunzugu, amma takan biya kuɗin gano ciwon da maganinsa, kuma a nan ne ya kamata ka sa ƙarfinka. Sirrin Hajiya a ɓoye shi ga maƙwabta da 'yan uwan nesa, wannan haƙƙinta ne. Mutum ɗaya ne ba za a ɓoye masa ba, wato likita, domin takardarsa ce za ta buɗe ƙofar magani, ita ce kuma za ta buɗe ƙofar inshorar in har tana da buɗewa.

Dalilin da ya sa na fara da likita shi ne, rashin riƙe fitsari alama ce ta wani abu, kuma abubuwan da ke haddasa shi sun bambanta ƙwarai. Akwai matar da fitsari ke ɗiga mata idan ta yi tari ko atishawa ko dariya, ko ta sunkuya ta ɗauki buta. Wannan yawanci raunin tsokar da ke tallafe da mafitsara ne, kuma ya fi samun matan da suka yi haihuwa da yawa, wani lokaci tare da saukowar mahaifa. Akwai wadda fitsari ke matsa mata farat ɗaya, kafin ta kai bayi ya zubo. Wannan mafitsara ce ke matsewa ba da izininta ba. Akwai wanda mafitsararsa ba ta juyewa duka, tana cika tana ambaliya kaɗan kaɗan, abin da aka fi gani ga dattawa maza masu kumburin furostat, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kuma masu ciwon suga da ya daɗe. Akwai kuma wadda mafitsararta lafiya lau take, gwiwa ce ta hana ta tashi da wuri, ko bayin yana can ƙarshen gida kuma dare ya yi duhu. Yoyon fitsari na bayan doguwar naƙuda shi daban ne, yana zuba dare da rana ba tsayawa, kuma tiyata ce maganinsa. Asibitin Furotesta na Ngaundere na cikin wuraren da aka sani da wannan aiki a arewacin Kamaru. A shekarun Hajiya, da yadda abin ya faro mata kwanan nan, ban zaci shi ba ne, amma na ambata shi saboda wasu masu karatu.

Abin da ya fi ba ni takaici a aikina shi ne yawan tsofaffin da suka shekara cikin ƙunzugu alhali abin da ke damunsu ƙarami ne. Ciwon sanyin mafitsara, wanda gwajin fitsari ke nunawa, yakan warke da maganin 'yan kwanaki. Suga da ya hau yana sa yawan fitsari, idan ya sauka fitsarin ya ragu. Taurin bayan gida yana danne mafitsara. Magungunan hawan jini masu sa fitsari, irin su furosemid da hidrokolorotiyazid, idan ana shan su da yamma sai dare ya zama wahala, kuma sau da yawa likita yana iya mayar da su safiya ko ya canza su. Kada dai ku tsayar da su da kanku. A nan bakin Binuwai da kewayen madatsar Lagdo, tsargiya tsohuwar cuta ce, kuma tana iya barin tabo a mafitsara shekaru bayan an manta da ita, don haka a gaya wa likita idan Hajiya ta taɓa fitsarin jini a ƙuruciya. Shayi mai kauri da kofi da goro duk suna tsokanar mafitsara. Ko raunin tsoka ma yana da motsa jikinsa: mace ta matse kamar mai riƙe fitsari da tusa, ta riƙe na 'yan daƙiƙu ta saki, aƙalla sau takwas a zama ɗaya, sau uku a rana, har tsawon wata uku kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Ungozoma ko ma'aikaciyar jinya za ta koya mata wannan cikin minti goma. Idan aka rubuta mata maganin kwantar da mafitsara irin oksibutinin, ka lura da ita sosai, domin yana busar da baki, yana ƙara taurin ciki, yana iya rikita tunanin tsoho, yana kuma rage zufa, abin da ba wasa ba ne a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da kan wuce digiri 40.

Na san za ka ce Hajiya ba za ta yarda ta je ba. Ka nemi wadda take jin nauyinta kuma take sakin jiki da ita, ƙanwarta ko babbar 'yarta, ka kuma nemi a haɗa ta da mace a asibiti. Kai kanka ba sai ka shiga ɗakin ba, kuma ba sai ka furta mata kalmar da bakinka ba. “Hajiya, mu je a duba suga da hawan jini” ya wadatar, sauran a bar wa mata. Kafin ranar, a yi kwana uku ana rubutawa a takarda sau nawa take fitsari, da wane lokaci yake kufcewa, da abin da take yi a lokacin, da abin da ta sha. Wannan 'yar takarda tana taimaka wa likita fiye da dogon bayani. Amma idan aka ga jini a fitsari, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko fitsarin ya ƙi fita gaba ɗaya mara ta kumbura, ko ƙafafu suka yi rauni farat ɗaya, ko ta soma ruɗewa, to ba a jiran kwana uku, ranar za a tafi.

Yanzu ga maganar kayan. A kantin magani za ka ji ana cewa kush, daga Faransanci, wasu kuma su ce fampas na manya. Iri huɗu ne za ka fi gamuwa da su. Akwai ƙaramin da ake liƙawa a cikin kamfai, mai kama da audugar mata, na mai ɗigo kaɗan. Kada a maye gurbinsa da audugar al'ada, domin ita ba a yi ta don ruwa mai yawa da ke zuwa lokaci ɗaya ba, kuma ba ta kama wari. Akwai mai siffar wando da ake sawa a cire kamar kamfai, wanda shi nake ba da shawara ga duk wadda take tafiya da ƙafarta, saboda za ta sa abinta da kanta ba mai ganin tsiraicinta, kuma ba ya nunawa a ƙarƙashin zane. Akwai mai manne a gefe biyu, na wanda ke kwance ana juya shi. Sai kuma shimfiɗar gado mai leda a ƙasa, wadda ke kare katifa, akwai ta yarwa akwai ta wankewa. Ga maza akwai wata roba da ake sawa a kan mazakuta a haɗa da jaka, ana canza ta kullum. Robar fitsari da ake zurawa ciki kuwa ba a sa ta don kawai a huta da wanki, saboda tana iya jawo ciwon sanyi mai tsanani. Sai likita ya ga dalili.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a sayen farko shi ne ɗaukar mafi girma, da tunanin zai fi riƙe ruwa. Girma daban, ƙarfin tsotsa daban. Idan ya yi mata yawa, gefen cinya zai buɗe, fitsari ya bi ta nan ya jiƙa zane ko da cikin ƙunzugun a bushe yake. A samo tef ɗin tela a auna ƙugu da kuma wurin da ya fi faɗi a ɗuwawu, a ɗauki lambar da ta fi girma, a gwada ta da santimitan da ke jikin fakiti, domin M na wani kamfani ba lalle ya zo daidai da M na wani ba. Ƙarfin tsotsa kuwa ana nuna shi da hoton ɗigon ruwa, yawan ɗigo yawan abin da yake ɗauka. Adadin mililita da wasu ke bugawa a fakiti a ɗakin gwaji aka same shi, inda ake tsoma ƙunzugun dukansa cikin ruwa, don haka a jikin mutum ba ya kaiwa nan kafin ya soma yoyo. Kada a ninka biyu, na ciki yana da leda a bayansa, ruwa ba zai wuce zuwa na waje ba, sai dai ya fita ta gefe. Ka fara da ƙaramin fakiti ɗaya, ko ma ka roƙi a sayar maka da guda biyu ko uku na gwaji, kafin ka zuba kuɗi a katan.

Lissafin kuɗin kuma a yi shi a kan guda ɗaya. Wadda ke bukatar uku da rana da ɗaya da dare tana cin 120 a wata, kuma wannan ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai albashi. Mai arha da ake canzawa sau shida yakan fi mai tsada da ake canzawa sau uku cin kuɗi, ban da sabulu da wankin zanin gado. Dabarar da na ga ta fi yi wa iyalai aiki ita ce a sayi mai ƙarfi domin dare da ranar fita, a yi amfani da mai sauƙi ko ƙyalle mai laushi da ake wankewa idan tana gida da rana, a kuma riƙa tuna mata ta zaga bayi duk bayan awa biyu ko uku tun fitsarin bai matsa ba. A ajiye mata fo mai murfi ko kujerar bayi kusa da gado, da fitila a hannun dama. Wannan kaɗai yakan rage ƙunzugu ɗaya ko biyu a rana.

Batun sirri, ga yadda mutane ke yi. Ka zaɓi kantin magani da ba na unguwarku ba, ka shiga sau ɗaya ka nemi ganin mai kantin ko babban ma'aikacinsa a gefe, ka ce kana da mara lafiya a gida da zai riƙa bukatar kaya kaza duk wata. Ba wanda zai tambaye ka suna, domin ba a bukatar takardar likita kafin a sayi ƙunzugu. Ka karɓi lambar waya. Daga nan sai ka riƙa aikawa da saƙo ta WhatsApp, ka biya ta Orange Money ko MTN MoMo, ka ce a sa maka a cikin katan da ba rubutu ko a juya katan ɗin ciki ya koma waje a ɗaure, ka je ka ɗauka da kanka bayan magariba ko ka aiki mai babur ɗin da ka amince da shi. Ma'aikatan lafiya da na kantin magani doka ta ɗora musu riƙe sirri, sashe na 310 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya tanadi hukunci ga mai tona sirrin sana'a, kuma ba laifi ka faɗa a fili cewa ba ka so a san da maganar. Idan kana da ɗan uwa a Yawunde ko Duwala, inda masu sayar da kayan asibiti a sari suka fi yawa, yana iya saya maka katan ya sa a motar fasinja ka karɓa a tasha, kuma yawanci sari ya fi sauƙi ko da an haɗa da kuɗin mota. Masu talla a Facebook kuwa, kada ka tura kuɗin katan ga wanda ba ka taɓa sayen fakiti ɗaya a wurinsa ba.

Kayan kasuwa da ake sayarwa a warware, ba fakiti ba suna, ina jan kunnenka a kansu. Na taɓa karɓar wani ƙunshi da iyalin wata mara lafiya suka sayo a wani shago saboda arha. Da na matsa shi da hannu sai na ji garin da ke cikinsa ya dunƙule kamar tsakuwa, roban cinyar kuma ya saki, mannen ya ƙi kamawa. Garin nan shi ne ke shanye fitsari ya mayar da shi kamar kamu, kuma idan ya sha zafi da raɓa a wurin ajiya ya lalace. Ka duba fakiti a rufe yake, ka duba kwanan wata, a gida kuma a ajiye shi a inuwa nesa da ƙasa, cikin akwati ko adakar Hajiya inda jikoki ba sa kai hannu.

Wurin da asiri ya fi tonuwa ba wurin saye ba ne, wurin zubarwa ne. A naɗe wanda aka cire, a sa a baƙar leda a ƙulle, a tara a bokiti mai murfi, a fitar da shi zuwa kwandon Hysacam, kamfanin kwashe shara, ko a haƙa rami mai zurfi a bayan gida a binne idan mota ba ta zuwa wajenku. Kada a jefa a masai, domin yana kumbura, ba ya ruɓewa, zai cika ramin ya kuma toshe bututun masu kwashewa. Kada a bar shi a fili inda awaki da karnuka za su ja shi zuwa ƙofar gida. A nan ne nake ganin ya kamata ka sake tunani game da ɓoye wa matarka, idan gida ɗaya kuke. Ita ce ke shara da wanki, kuma za ta gane ko ba a faɗa mata ba; gara ta sani cikin mutunci, da yardar Hajiya, ta zama mai rufa asiri, da ta tsinta da kanta kowa ya riƙa yin kamar bai sani ba.

Akwai wata dattijuwa da aka kawo mana, ba zan manta da ita ba. Ta zauna a can bakin benci, rabin jikinta a waje, ƙanshin turaren wuta ya cika wurin har yana hawa kai. Da muka shiga ɗaki ta kwance zane, sai ga tsummoki ninki huɗu da ledar shinkafa da ta ɗinke da hannunta, fatar cinyoyinta ta yi ja ta saɓule kamar ƙunar ruwan zafi. Ta kuma rage shan ruwa har leɓenta ya tsage, don kada fitsari ya taru. Wannan shi ne abu na farko da nake roƙo a hana Hajiya: ƙin shan ruwa yana sa fitsari ya yi kauri ya ƙara wari, ya ƙara tsokanar mafitsara, ya kuma taɓa ƙoda. Ta sha ruwanta da rana, ta rage daga bayan magariba. Duk lokacin canji a wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, daga gaba zuwa baya, a tsane da tawul ba tare da gogawa ba, a shafa man zinki, mai kare fata daga jiƙa, siriri. Hoda tana dunƙulewa a matse-matsi, man shafawa mai kauri kuma yana toshe fuskar ƙunzugun ya hana shi tsotsa. Idan da bayan gida a ciki, nan take ake canzawa. Game da salla, wadda na san ita ce ta fi damun Hajiya ko ba ta faɗa ba, malaman Malikiyya sun yi bayanin salisin fitsari, cewa idan yana zuba rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala, sai dai an so a sabunta ta. Ka tambayar mata malami ba tare da ambaton suna ba, ka kawo mata amsar, za ka ga yadda hankalinta zai kwanta.

Sai inshora. Tambaya ta farko ba ta ƙunzugu ba ce, ita ce ko sunan Hajiya yana cikin waɗanda kwangilar ta ɗauki nauyinsu. Galibin inshorar da kamfanoni ke yi wa ma'aikata tana tsayawa ne a kan ma'aikaci da matarsa da 'ya'yansa, iyaye ba sa ciki sai an ƙara su da ƙarin kuɗi, kuma da yawa suna da iyakar shekarun shiga. Ka je ofishin ma'aikata ka nemi kwafin sharuɗɗan kwangilar da jadawalin abin da ake biya, ba sai ka faɗi dalili ba. Ka duba waɗanda aka ɗauki nauyinsu, da kason da ake biya, wanda sau da yawa 80 cikin 100 ne, da iyakar kuɗin shekara, sannan ka karanta shafin abubuwan da aka cire. A wannan shafin ne za ka tarar da kayan tsafta da kayan kantin magani waɗanda ba magani ba, kuma a nan ake jefa ƙunzugu. Wannan ba a Kamaru kaɗai ba ne. A Faransa ma, wadda tsarin inshorarmu ya ɗauko salo daga gare ta, asusun lafiya na gwamnati ba ya biyan ƙunzugun manya, alhali yana biyan robar fitsari da jakarta da robar mazakuta idan likita ya rubuta.

Idan Hajiya tana ciki, to ganin likita, gwajin fitsari da na suga, hoton mara, magani, zaman motsa tsoka da tiyata idan ta kama, su ne abubuwan da aka saba biya, kuma su ne masu iya raba ta da ƙunzugun ko su rage shi. Game da ƙunzugun kansa, akwai ƙofa ɗaya da ta cancanci a ƙwanƙwasa. Kowane kamfanin inshora yana da likitansa mai duba takardu. Likitan Hajiya ya rubuta ordonans, wato takardar magani, da sunanta, ya faɗi irin kayan da girmansu da adadin da take bukata a rana da tsawon lokaci, ya haɗa da ɗan rahoto da ke nuna ciwon da ya jawo haka da haɗarin gyambo idan ba a samu ba. A sa rahoton a ambulan a manne, a rubuta cewa na likitan inshora ne shi kaɗai. Ofishin ma'aikatanku ba shi da hurumin karanta ciwon mahaifiyarka. Ka nemi amincewarsu a rubuce kafin ka saya, domin abin da aka saya kafin izini shi aka fi ƙi. An fi samun sa'a idan larurar ta biyo bayan tiyata ko shanyewar jiki ko haɗari, ko kuma lokacin da mutum ke kwance a asibiti aka sa kayan cikin lissafin jinya. Rasit kuma ya zama na kanti mai rajista, da sunan mara lafiya da sunan kayan da adadi da hatimi. Na ga takardun wani iyali da aka dawo da su bayan wata biyu saboda mai kanti ya rubuta “kaya iri-iri” kawai. Ka riƙe kwafin komai, ka kai da wuri domin kwangiloli suna da wa'adin kai rasit. Idan an ƙi, ka nemi dalili a rubuce. Dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar kula da inshora ta wasu ƙasashen Afirka, wadda Kamaru da Cadi ke aiki da ita, ta ba da shekara biyu ne kacal na neman haƙƙi a kan kwangilar inshora.

Wani zai ba ka shawara a rubuta takardar da sunan matarka, ko mai kanti ya rubuta magani a madadin ƙunzugu. Kada ka karɓa. Ha'inci ne, yana iya jawo a soke inshorar gidanka gaba ɗaya ya kuma taɓa aikinka, sannan yana cusa ciwon da ba nata ba cikin tarihin lafiyar matarka.

Idan ba ta ciki, ga abin da ya rage. CNPS, asusun gwamnati na fanshon ma'aikata, ba inshorar ciwo ba ce. Aikinta kuɗin iyali, fansho na tsufa da na nakasa, da haɗarin wurin aiki, don haka sai wanda larurarsa ta samo asali daga haɗarin aiki ne zai nemi ta ɗauki jinyarsa. Shirin CSU, wato kiwon lafiya ga kowa, da gwamnati ta ƙaddamar a watan Afrilu na 2023 ya fara ne da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu ciki ta hanyar cek ɗin lafiya na sefa 6,000, da wankin ƙoda, da masu cutar ƙanjamau da tarin fuka. Ƙunzugun manya ba ya cikin wannan zango. Akwai dokar 13 ga Afrilu 2010 ta kare masu nakasa, wadda a ƙarƙashinta ake ba da katin nakasa ta hannun ma'aikatar jin daɗin jama'a, kuma idan Hajiya tana da wata nakasa tabbatacciya kamar shanyewar jiki, ya dace ka je cibiyar jin daɗin jama'a ta gundumarku ka buɗe mata fayil, ka kuma tambayi ofishin taimakon marasa ƙarfi da ke cikin asibitin da take zuwa. Kada dai ka gina lissafin wata a kan wannan. Ka tambayi kamfaninku ko yana da asusun taimakon ma'aikata ko ƙungiyar adashin lafiya, domin irin waɗannan sun fi kamfanin inshora sassauci a kan iyaye.

Abin da na ga ya fi ɗorewa shi ne 'ya'ya su raba nauyin a tsakaninsu. Ba sai an yi taron dangi ba. Ka kira waɗanda kuke ciki ɗaya, ka ce akwai kuɗin maganin Hajiya na wata wata, kowa ya ɗauki abin da zai iya, ya turo ranar da aka tsayar, mutum ɗaya ya riƙa saye yana ajiye rasit. Ka riƙa sayen na wata guda tun saura na mako ɗaya, musamman da damina lokacin da motocin kudu kan yi jinkiri. Bayan wata uku da fara magani da motsa tsokar, a koma wurin likita da sabuwar takardar kwana uku, a sake ƙirga nawa take amfani da shi a rana, domin idan adadin ya sauka za a iya komawa ƙaramin da ake liƙawa a kamfai, a kuma gyara ordonans ɗin da aka kai wa inshora.